Haƙoran Moton Yaya

Ranar kasuwar Dungas, in ƙafa ta yarda, nakan je in zauna a gindin bango kusa da rumfar masu gyaran moto, wato babur. Ba abin da nake saye, ba kuma wanda yake tambayata abin da ya kawo ni. Kallo nake yi. Ɗan kabu-kabu zai turo motonsa yana ƙorafin ya ƙi shiga gudu, mai gyara ya kwance cikinsa, ya zaro faifan da haƙoransa suka cinye, ya jefar ko dubawa bai yi ba, ya aika a sayo sabo a cikin leda. Kafin in gama da goro ɗaya an ɗaura an tafi. Wata rana na sunkuya na ɗauki irin wanda suka yar, na ce wa mai rumfar haƙora biyu ne kawai suka tafi, ana iya dasa masa wasu. Ya dube ni da irin ladabin da ake yi wa wanda tsufa ya fara taɓawa, ya ce, "Baba, ai ba a yin haka." Na ce to. Ban gaya masa na taɓa yi ba, don in na fara ba shi da lokacin jin ƙarshe, waɗanda suka san farkon kuwa duk sun riga ni.

Mu maƙera ne tun kakanni, a wani ɗan ƙauye gabas da Dungas. Zamanin Nasara ne, kumandan, Baturen da ke mulkinmu, yana zaune a Magariya, mu dai ba ma ganinsa sai saƙonsa, ko na lanho, wato haraji, ko na neman samari zuwa soja. Kamiyo, babbar motar kaya, ba ya shigowa sai lokacin awon gyaɗa, saboda haka in ka cire watannin nan biyu, kunnen mutum ya san kowane sauti na garin, ya kuma san mai shi. Ka san luguden matan gidan liman daban da na gidan sarkin fawa, ka san kukan jakin kowa, ka san ƙarar guga in ya taɓa ruwa da in ya taɓa laka. A kan duk wannan akwai namu, numfashin zugazugi da masaba a kan uwar maƙera, bugu biyu masu nauyi na Baba, ɗaya marar nauyi nawa. Mata sukan ce da bugunmu suke sanin hantsi ya yi. Kafin in kai ga riƙe masaba, aikina shi ne in saro ƙirya in ƙona gawayi, in shafa wa fatar zugazugi mai, in cika randar da ke kusurwar maƙera. Yau in na tsaya tsakiyar gari na rufe ido, ba na jin komai sai injin niƙa da moto da waya, kuma ba na iya cewa ga na wane.

Baba ba mai magana ba ne. Abin da ya koya mini da baki bai fi a ƙirga da yatsu ba, mafi yawansa kuma a kan shayar da ƙarfe ne, wato yadda ake tsoma shi bayan ya yi ja don ya yi tauri. Ƙarfen hauya ruwa ake ba shi. Na tsohon magagari kuwa, irin wanda muke ƙera aska da kurfin saran ƙarfe da shi, in ka ba shi ruwan sanyi ka bar shi haka, taurinsa zai wuce kima, ya fashe kamar kwalba ranar da aka matsa masa. Sai an goge shi, an mai da shi bakin garwashi a hankali har launinsa ya koma na busasshen karan gero, sannan a kwantar da shi cikin man gyaɗa. Ina sabon shiga na taɓa manta wannan, na lalata wa wanzamin garinmu aska. Baba bai doke ni ba, ya dai sa na kai wa mutumin guntayen da hannuna, na tsaya na ji abin da zai ce. Ban sake mantawa ba.

Mu biyu ne maza a gidan, ni da Yaya. Shi ne ɗan fari, kuma 'yan yanzu ba za su gane nauyin wannan kalmar ba. Yau ina ganin uba ya saɓa ɗan farinsa a wuya yana yawo da shi kasuwa, yana kwaɗa masa kira da sunansa a gaban kowa. A zamaninmu abin kunya ne babba. Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba, bai taɓa cin tuwo kwano ɗaya da shi ba, in zai yi zancensa sai ya ce "wancan". Inna ma haka, in ya shigo ta ƙofa sai ta sami abin yi a bayan ɗaki. Ba ƙi ba ne, kowa ya san ba ƙi ba ne, haka aka tarar ana yi. Kakarmu ce ta goye shi, ita ce mai ikon ta zage shi, ta tsokane shi, ta ce masa zauna ya zauna. Tana raye aka zo neman samari aka tafi da shi soja, yana can ta rasu. Da ya dawo bayan shekaru, sai ya tarar da gida cike da masu sonsa, amma a cikin manya babu ko ɗaya da al'ada ta ba shi bakin faɗa masa.

Ya dawo da ƙaton takalmi, da Faransanci, da rashin iya zama wuri ɗaya. Ya yi noma damina guda, ya gwada zuga, amma hannunsa yana aiki idonsa yana kan hanya. Da rani ya tafi Magariya ya kwana uku, ran na huɗu da la'asar muka ji wata tsawa daga yamma alhali ko gajimare babu. Awaki suka tsinke igiya, tsofaffi suka hau salati, wata maƙwabciyarmu ta kifar da ƙwaryar nono. Yaya ne a kan baƙin moto, wanda wani Bature mai awon gyaɗa ya gaji da shi ya sayar masa da zai koma ƙasarsu. Tun a lokacin tsoho ne, duk inda ya tsaya sai ya bar ɗigon mai a ƙasa. A ranar Yaya ya ja ni bayan rumbu ya gaya mini wani abokinsa na soja ya sama masa aikin tuƙi a tashar jirgin ruwa can Kwatano, kuma kafin ruwan farko zai tafi.

Na ce, "Yaya, sai yaushe ke nan?"

Ya ce, "Kai dai ka riƙe maƙera da kyau."

Na gane amsar. Kafin kwana biyu kowa a gidan ya ji. Inna ta riƙa ƙara masa nono a fura, iyakar abin da ta iya ke nan.

Ana saura 'yan kwanaki ya tafi, ya fita gwaji, sai ga shi da azahar yana turo moton, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Inji yana tashi lafiya, amma da ya sa gudu na biyu sai a ji ƙaras-ƙaras a ciki, ƙafar baya ta ƙi ja. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar maƙera, ya kwance akwatin da ke canja gudu, wanda yaran yanzu suke ce wa bwat, na tsallaken iyaka kuma su ce giya. Ya tsiyaye baƙin mai a ƙoƙo, sai ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ƙasansa. Ya jera kayan cikin ɗaya bayan ɗaya yadda ya zaro su, don kada ya ruɗe wajen mayarwa. A nan na fara ganin faya-fayan nan masu haƙora da suke cizon juna. Ɗaya daga ciki haƙoransa biyu sun karye daga tushe, zoben tagullar da yake juyawa a kai kuma ya zaizaye har faifan yana rawa. Yaya ya bi fatake zuwa Magariya ya nemi sabo, aka ce babu, ko a Damagaram babu, sai dai a aika ƙasar Nasara, wataƙila ya iso bayan kaka. Ni kam na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ga Inna ma ranar har da 'yar waƙa a bakin murhu.

Washegarin dawowarsa ya zo ya durƙusa a ƙofar maƙera, ya ajiye faifan a ƙasa tsakaninsa da Baba, ya juyo wajena. Haka suke magana, ta kaina, ko da gwiwoyinsu sun kusa taɓa juna.

"Tambayi Baba ko wannan yana gyaruwa."

Baba ya ɗauka, ya juya shi, ya sake juyawa, ya daɗe. Da ya ce a'a da magana ta ƙare, don daga garinmu har Sassumbrum babu maƙerin da zai ce i a inda ya ce a'a. Amma akwai manoma uku zaune suna jiran hauyoyinsu, ɗayansu kuma, wani mai bakin tsiya da ba ya ganin taro ya ƙyale, ya riga ya tsoma baki.

"Ƙarfen Nasara ne fa, maƙeri, ba lauje ba ne. In ya fi ƙarfinka ka faɗa, ba wanda zai ji sai mu da kasuwa."

Baba bai iya ƙarya ba, kuma bai taɓa cewa wani ƙarfe ya fi ƙarfinsa ba. Ya ajiye faifan a kan uwar maƙera ya ce mini, "Gaya wa wancan ya ba ni kwana huɗu."

Kwana huɗun nan su ne mafi daɗin aikin da na taɓa yi a duniya, kuma wannan ma yana cikin abin da ke cin raina. Ranar farko Baba ya gasa faifan ya binne shi cikin toka mai zafi, ya bar shi ya huce a hankali don ya yi laushin da magagari zai kama shi. Ya danna lafiyayyen haƙori cikin kakin zuma, ya sami ma'auni. A gurbin waɗanda suka karye ya sare rami da kurfi, ya gyara shi da magagari, bakinsa matsattse ƙasansa mai faɗi, yadda sabon haƙori zai shiga ta gefe ya kasa fita ta sama. Daga tsohon magagari muka ƙera haƙora biyu, aka buga su suka zauna daram. Yaya ya kawo kwanson harsasai na tagulla da ya taho da su daga soja, muka yanka tagullar siri-siri, aka barbaɗa sinadarin da na karɓo wajen wani maƙerin fari a Dungas, aka sa a wuta. Har yau ina ganin yadda tagullar ta narke ta bi tsagar nan kamar man shanu a tuwo mai zafi. Da ragowar aka zuba sabon zobe a cikin yumɓu, ni na kankare cikinsa har ya shiga sandarsa ba rawa ba matsi. Sauran kwanakin guga ne kawai. Baba ya goga, ya gwada a kaki, ya shafa baƙin tukunya a haƙoran, ya mirgina faifan a jikin ɗan'uwansa ya ga inda baƙin ya goge, ya sake gogawa. Yaya ne ya karɓi zugazugi duk kwanakin, ba wanda ya sa shi. Yana zuga yana wani fito na sojoji, abin da ba a yi a maƙera, Baba kuma bai hana ba. Ban taɓa ganin mu uku a ƙarƙashin rufi ɗaya tun safe har yamma ba sai a wannan aikin.

Ran na huɗu da hantsi aka zo shayarwa. Baba ya sa haƙoran a wuta yana lura kada tagullar ta sake narkewa, suka yi ja yadda ake so. Na jawo kaskon man gyaɗa kusa da ƙafarsa kamar kullum. Ya tsallake shi. Ya miƙa awartaki ya tsoma faifan cikin randar ruwan sanyi, ƙarfen ya yi cuu, tururi ya tashi. Ya ciro, ya goge da tsumma, ya ajiye. Na jira ya mai da shi bakin garwashi. Bai mayar ba.

"Gaya wa wancan an gama."

Ya wanke hannu ya fita. Ɗa ba ya gyara wa uba a bakin wuta, balle a gaban mutane. Abin da ya zo mini a rai shi ne Baba ya fara tsufa, kuma abin ya ba ni tausayi har na ji ƙwalla. Na hango haƙoran nan sun fashe a hanya, na hango mai bakin tsiyan nan yana zagaya kasuwa yana ba da labarin yadda ƙarfen Nasara ya kunyata maƙerinmu. Ba na son Yaya ya tafi, Allah ya sani, amma a wannan ranar sunan Baba ne ya cika mini kai, da kuma ɗan abin da ba na son faɗa, wato daɗin cewa na ga abin da ya wuce wa babban maƙeri. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina yadda mutumin da ya sa na kai wa wanzami guntayen askarsa zai manta da wannan ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga sabuwar amarya a ɗaki, ina ganin idona ya fi na kowa gani.

Washegari kasuwar Dungas ce. Baba ya ɗora hauyoyi a jaki ya tafi, Yaya ya bi bayansa daga nesa don neman man da zai zuba a akwatin. Maƙera ta zama tawa. Na hura garwashi, na goge haƙoran da rairayi har suka yi fari, na riƙe faifan da awartaki a gefen wuta, ba a ciki ba. Na zuba ido. Launi ya fara tafiya daga tushe zuwa baki a hankali, da ya kai na karan gero na tsoma shi cikin man gyaɗa. Da ya huce na sake goge shi da toka don kada launin ya tona ni, na ajiye shi daidai inda yake, har yadda yake fuskanta. Na yini ina jin kaina kamar wanda ya rufa wa ubansa asiri.

Yaya ya mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba mai, ya ɗaure. Ranar tafiya da safe Inna ta ba matata ƙullin fura da dambu ta ce a kai wa mai tafiya, ita ba ta fito ba. Ya zo ya durƙusa a ƙofar maƙera.

"Gaya wa Baba na tafi."

"Gaya wa wancan Allah ya kiyaye hanya."

Ya taka moton ya tashi. Muka ji ya sa gudu na ɗaya, ya sa na biyu ya shiga sumul, ya sa na uku. Garin duk ya fito, ni kuma na tsaya har ƙarar ta koma kamar ta ƙudan zuma, har na rasa ko ita nake ji ko kunnena ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne natsuwar Baba. A satin nan ya ƙera sabuwar hauya, ya sa mata ƙota mai tsawon da ya fi nawa, ya jingine ta a kusurwa. Ya ce kada in ba kowa aron gonar wancan. Ya juya mazauninsa yadda zai riƙa ganin hanyar yamma, duk fataken da suka shigo kuma sai ya tambaye su ko sun haɗu da wani a rairayin nan na kafin Magariya. Su ce ba su ga kowa ba. Ruwan farko ya sauka, muka shuka gonarmu, muka shuka ta Yaya. Da aka kai noma na biyu ya daina tambaya.

Yanzu mutum zai tashi daga nan da safe, da yamma ya bugo waya ya ce ya sauka, har ya nuna maka ɗakin da ya kwana. A lokacinmu wanda ya tafi ya tafi ke nan, sai dai ka riƙa ajiye masa tabarmarsa kana kakkaɓewa. Gidan ya yi shiru irin wanda ban san shi da shi ba, ko da yake Yaya bai taɓa zama mai surutu ba. Inna ta ci gaba da dama fura da yawa fiye da masu sha, mu kuma muka ci gaba da shanyewa.

Bayan kaka wani mai goro ya kawo takarda da ajami. Ita ce ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe, bayanta ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, ko da rai ko babu, har yau da nake wannan magana. Liman ya zo maƙera ya karanta, mutane suka taru. Yaya ya ce ya sauka lafiya, ya ratsa rairayi da taɓo da duwatsu, moton ko sau ɗaya bai yi masa gardama ba. Ya ce masu gyara na can bakin teku sun buɗe akwatin, sun taru a kan haƙoran nan biyu suna mamaki, sun ƙi yarda a maƙerar ƙauye aka yi su. Ya ce a gaya wa Baba. Jama'a suka hau madalla, mai bakin tsiyan nan ma ya ce shi dama ya san za a yi haka. Ni kuwa kaina ya kusa taɓa rufi.

Da kowa ya watse, muka rage mu biyu, Baba ya dube ni, irin duban da ya yi wa faifan ranar da aka kawo shi.

"Kai ka mai da shi wuta."

Ba tambaya ba ce. Na sunkuyar da kai ina jiran yabo, na ce, "Ni ne, Baba. Na ga kamar an manta."

Na ɗaga ido.

"Ban manta ba," ya ce. "Rairayin nan na kafin Magariya na auna masa. Nan zai matsa masa, nan zai karye, ba gudu yake yi ba balle ya ji ciwo. Yini biyu ne ya turo shi gida, ruwa ya sauka ya tare shi. Damina ɗaya kawai na nema, wataƙila a cikinta ya ga wata yarinya, ko ya saba da mu. Ba ni da bakin da zan ce masa zauna, shi ya sa na faɗa wa ƙarfe."

Na buɗe baki in ce ban sani ba, sai na ga ya riga ya san haka, sanin kuma bai rage masa komai ba. Bai yi mini faɗa ba, a ranar ko bayanta, da ma ya yi.

"Aikinka ya yi kyau," ya ce. "Zuga, wuta tana mutuwa."

Na kama zugazugi na yi ta zugawa, garwashi ya yi ja, shi kuma yana zaune da awartaki a hannu, bai sa komai a ciki ba.